Allurar Mai da Bencin Baya

Ƙas. Shiru. Ƙas.

Rana tsaka ce, ina zaune a ƙofar ɗaki da faifai a cinya ina tsince tsakuwa daga cikin acca, sai wannan 'yar ƙara ta dame ni. Na ɗauka ƙwaro ne ya shiga katakon tebur. Na buga teburin, ba ta daina ba. Na ɗaga kwanuka, na leƙa bayan kabad. Can na gane daga wani ɗan gwangwani take fitowa, wanda bai fi kwalin ashana ba, maigidana Bitrus ya jona shi da batirin mota ya bari ya fita. Tsoro ya kama ni kada abin ya fashe. Na saɓi jaririyata Ladi na goya, muka koma gindin mangwaro har ya dawo.

Da ya ji labari, dariya ya yi har da riƙe ciki. "Maman Ladi, regileta ne ya kore ki, kika bar wa kaji accata?"

Bitrus rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota, rumfarsa na kan hanyar tashar jirgin ƙasa a nan Kafanchan. A farkon shekarun 1970 ne wannan. Ranar ya sa bakin wuƙa ya buɗe gwangwanin ya nuna mini cikinsa. Wani ɗan harshen ƙarfe ne siriri, an naɗe shi da waya mai kaurin gashi. In wuta ta bi wayar, harshen ya yi zafi ya lanƙwashe ya yanke wutar. In ya huce ya dawo ya sake jonawa. Ƙarar da na ji ke nan. Ya ce wutar batir ba ta da tsayayyen hali, in mota na tsaye ƙarfinta goma sha biyu ne, in inji na gudu ta haura sha huɗu, alhali agogon mai da agogon zafi goma kawai suke so. To shi wannan gwangwani, da ke ɓoye a bayan dashbod, shi ke ba su wuta ya janye, ya ba su ya janye, kamar uwa mai ba yaro kunu da cokali, har abin da ke isa gare su ya tashi goma daidai.

Na rubuta wannan ne saboda ku, jikokina da abokanku, da kuka jawo wata tsohuwar mota tsakar gidana kuna cewa za ku tashe ta. Na ji kuna cewa canza regiletan agogo ba aiki ba ne, ɗan abu ne mai ƙafa uku, a sayo a kasuwa a liƙa. Gaskiyarku, liƙawa ba wuya. Sai dai kafin ku liƙa ku saurari abin da ɗan gwangwanin nan ya taɓa yi wa wani dattijo.

Aikina na farko agogon mai ne na wata motar haya, wanda wayar cikinsa ta ƙone. Yatsun Bitrus manya ne, ruwan batir ya cinye fatarsu, in ya kama siririyar waya sai ta tsinke. Ni kuwa na yi ɗinki a makarantar 'yan mata, kuma ina karanta Turancin da ke jikin kaya. Ya ajiye mini agogon kusa da kwandon zare ya ce, "Gwada. In kin ɓata, dama matacce ne." Na warware tsohuwar wayar a hankali ina lura da yadda aka jera ta, na naɗa sabuwa. Sau biyu tana tsinkewa. Na ukun da muka jona, allurar ta tashi a hankali kamar mai ciwon baya. Agogon wancan zamani ba ya tsalle, zafi ne ke tura shi, sai ka ba shi lokaci. Wanda ba shi da haƙuri zai ce ya mutu alhali yana hanya.

Daga nan teburin ɗakina ya zama rabin gareji. Kayan aikina ba su da yawa. Akwai ƙarfen liƙi da nake sawa a garwashin da na dafa tuwo, da dalma, da ƙaramin sukudireba da Bitrus ya wasa mini daga ƙarfen laima, da hantsakin cire ƙaya, da gilashin tsohon tabarau na duba ƙananan abubuwa. Amma sarkinsu duka ƙwan gwaji ne, ƙwan fitilar mota da waya biyu. In ka taɓa shi a bakin regileta mai lafiya, zai riƙa ƙiftawa. In ya kama tar bai ƙifta ba, regileta ya daina aiki, wutar batir ce ke wucewa gaba ɗaya, kuma duk allurar da ke bayansa za ta faɗi abin da ya wuce gaskiya.

Ban taɓa zama a rumfa ba. Da safe Bitrus ya tafi, da yamma ya dawo da agoguna a aljihun rigar aiki, kowanne da guntun ƙyalle a ɗaure don kada a rikita masu su. Shi ya koya mini, kuma bai iya lallashi ba. In na liƙa waya, sai ya ja ta da ƙarfi. In ta cire ya ce, "Hanyar Kwoi ta fi ni ƙarfin hannu." Ya kuma koya mini cewa in allura ɗaya ta ruɗe, ita za a bincika, in kuwa biyu suka ruɗe tare, a bar su a nemi mai ba su wuta.

Wani direban lori mai ɗaukar citta daga Kwoi ya taɓa kawo agogon zafi da takardar alewa a manne a fuskar agogon. Bitrus ya tambaye shi dalili. Ya ce, "Oga, kullum ja yake nuna mini, hankalina tashi yake. Shi ya sa na rufe masa ido." Wasu kuma ƙwanƙwasa gilashin suke da zobe har ya tsage, wai don allurar ta farka. Yawancinsu ba su san mace ce ke gyara musu ba. Waɗanda suka sani sukan aiko mini da doya ko citta, a ce a ba Madam mai agogo.

Sai shekarar wahala ta zo, wajen tsakiyar shekarun 1970 ɗin. Mai ya yi wuya, motoci na kwana a layi. Kayan gyara kuma suka ɗauke, masu shago suka ce suna can maƙale a jiragen ruwa a bakin teku. Abin da a da muke jefarwa, muka koma tono shi daga bola. Mota in ba ta tafiya ba ta lalacewa, saboda haka aiki ya ragu. A shekarar na koyi soya ƙosai a ƙofar gida.

Ikilisiyarmu tana da mota guda, tsohuwar ƙirar Ingila da wani ɗan mishan ya bari da zai koma ƙasarsu. Ita ke kai marasa lafiya asibiti, ita ke kai fasto ƙauyuka. Direbanta Baba Ishaya ne, dogon tsoho marar yawan magana, dattijo ne kuma a cikin ikilisiya, kujerarsa na gaba kusa da mawaƙa. Aljihunsa ba ya rabuwa da gyaɗa, shi ya sa Ladi, wadda lokacin ta fara makaranta, ba ta yarda ta zauna ko'ina sai kusa da shi.

Saboda wahalar mai, dattawa suka ɗora wa ma'aji kula da tanki. Kafin kowace tafiya sai Baba ya tayar da mota, ma'aji ya leƙa ya duba allura. In ta nuna da sauran mai, ba a ƙarawa. Da damina ta kama, motar ta mutu da fasto a hanyar Samaru Kataf, tanki ƙaf. Aka ce tsautsayi. Ba a jima ba ta sake mutuwa, wannan karon cike da matan zumuntar ikilisiya za su taro a Kwoi, cikin ankonsu, ga ruwan sama. Ma'aji ya ce da idonsa ya ga allura ta wuce rabi da safe, man da zai kai su ya dawo da su. Ba a yi rabin hanya ba. Baba ya yi ta murza makulli har batir ya yi sanyi, allurar ta kwanta. Matan suka ƙarasa da ƙafa, zannuwa sharkaf.

Bakanike ya duba, tanki ba ya yoyo. Sai mutane suka tuna ɗan Baba ya sayi babur da kuɗin cittarsa, kuma babur ɗin bai taɓa tsayawa ba duk wahalar nan. Ba wanda ya ga Baba da tiyo a hannu. Amma magana in ta fita daga bakin mata jiƙaƙƙu, ba ta bushewa da wuri.

Dattawa suka kira shi. Ya ce, "Ban san inda man ke zuwa ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka karɓi makulli, aka sa shi ƙarƙashin horo. Ku yaran yanzu ba lallai ku san nauyin wannan ba. Wanda ke ƙarƙashin horo ba ya cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a majami'a, ba ya addu'a a gaban jama'a, kuma wurin zamansa bencin baya ne, can bakin ƙofa, inda duk mai shigowa zai fara ganinsa. Sai ya tashi ya furta laifinsa ya tuba kafin a dawo da shi. Baba kuwa bai da abin furtawa. Kowace Lahadi yakan zo da farar rigarsa a goge, ya zauna a can. Ladi takan zame daga hannuna ta je ta zauna kusa da shi, wasu mata na harara ta.

Motar ta zo hannunmu ne a kan wata magana dabam. Allurar zafi ke hawa ja. Bakanike ya wanke lagireto, ya canza fambel, abin bai sauya ba, sai ya ce a kai wa rewaya. Da yake rumfa ba ta da tsaro, a tsakar gidanmu aka ajiye ta. Washegari da safe sai ga Baba Ishaya da ƙafa. Na shimfiɗa masa tabarma na kawo kunu.

"Ba aiko ni aka yi ba, 'yata," ya ce. "Na ji an kawo ta ne. Ka san halinta, Bitrus, in za ka tayar da ita kada ka taka mai da yawa, shaƙewa take."

Bitrus ya ce, "Baba, zafin nan, tana tafasa ruwa?"

"Ko sau ɗaya. Allura na ja, amma in na sauka na dafa lagireto, hannuna na iya zama a kai. Na yi ta zuba mata ruwan da ba ta nema ba."

Ina tsugune ina wanke kofi, sai na ji hannuna ya tsaya. A gareji maza na maganar zafi, ciwon mota. A zumunta mata na maganar mai, zunubin mutum. Ba wanda ya taɓa ajiye su wuri ɗaya, har mu da muke cin abinci da sana'ar.

Na ce, "Baba, zafin ne ya riga zuwa, ko ɓatan mai?"

Ya ƙirga da yatsu. "Tare suka zo. Bayan Ista."

Na dubi Bitrus, ya dube ni. Ya ajiye kofinsa bai ƙarasa ba. "Allura biyu," ya ce. "Maman Ladi, ɗauko ƙwan."

Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari, ni na murɗa makulli ban tayar da inji ba. Na sa kunne a dashbod. Shekaru ina jin ƙas-ƙas ɗin nan a ɗakina, ko cikin barci zan gane shi. Babu shi. Bitrus ya taɓa ƙwan gwaji, ya kama tar, ko ƙiftawa babu. Sai na ji muryarsa daga ƙasa, "Kai! Wa ya ɗaure shi a jikin katako?"

A nan ne abin da ba a sayarwa a kasuwa yake. Wuta ba ta aiki sai ta sami hanyar komawa batir, kuma a mota jikin ƙarfen motar ne hanyar. Regileta waya biyu ake gani a jikinsa, amma ƙafarsa ta uku ita ce noti ɗin da ya ɗaure shi da ƙarfe. In ka raba shi da ƙarfe, harshen ba zai yi zafi ba, ba zai lanƙwashe ba, wuta za ta kwarara yadda ta ga dama. In inji na gudu, ɗan mai kaɗan sai ya zama rabin tanki, ruwa mai ɗumi ya zama tafasasshe.

Katakon kuwa kowa ya san shi. Tsohon dashbod ɗin ya yi tsatsa ya huje, sai Dauda kafinta, ɗan ikilisiyarmu, ya sassaƙa sabo da maɗaci, ya goge shi yana sheƙi, ya rubuta Allah Ya Kiyaye Hanya a jiki. Baiko ne, wato kyautar godiya ga ikilisiya, ya yi lokacin Ista, domin a motar nan Baba Ishaya ya kai matarsa asibiti tana naƙuda mai wuya, ta tashi ita da jaririn, suka sa masa suna Godiya. Ya mayar da kowace waya inda ya same ta, bai kuskure ko ɗaya ba. Ɗan gwangwanin ma ya ɗaure shi tsaf da sabon sukuru, a jikin katako mai kyau.

Baba ya dubi katakon. Abin da ya fara cewa shi ne, "Kada ku kunyata yaron nan."

Da yamma muka je gidan Dauda, ni da Bitrus. Na tafi da ƙosai don kada zuwan ya yi kama da ƙara. Bitrus ya zana masa abin a ƙasa da tsinke. Dauda ya saurara har ƙarshe, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Wato ni na zaunar da Baba a bakin ƙofa? Da hannuna? Mutumin da ya ceci matata?"

Na ce, "Baban Godiya, ba wanda zai san katako na hana wuta komawa sai mai aikin. Za mu iya ce wa dattawa regileta ne ya lalace, kuma ba ƙarya muka yi ba."

"A'a, Maman Ladi. In kun ce haka, za a ce rewaya ya rufa wa tsoho asiri. Ku bari a ga katakon. A gwada a gaban dattawa, ni zan riƙe wayar gwajin."

Kafin ranar gwajin na cire regiletan na buɗe. Watanni bai motsa ba, damina ta sa bakin harshen ya yi tsatsa ya manne. Na kankare shi da takardar yashi har ya soma ƙas-ƙas a kan teburina, muka mayar da shi jikin katakon yadda muka same shi.

Ranar Asabar dattawa suka taru a filin majami'a. Bitrus ya zuƙe tankin ƙaf a gabansu, ya miƙa wa ma'aji galan ya ce ya zuba da hannunsa, iya abin da yakan rage in an dawo daga tafiya. Aka tayar da mota. Allurar ta tashi a hankali, ta wuce inda ya kamata ta tsaya, ta ci gaba. Ma'aji ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wannan ɗan man?" ya ce.

Dauda ya durƙusa a ƙofar motar da guntun waya. Ya ɗora baki ɗaya a jikin gwangwanin, ɗayan a ƙarfen sitiyari. Ƙwan gwajin da ke hannuna ya soma ƙiftawa. Allurar mai ta fara sauka, sannu-sannu, ta zafi na bin ta, har kowacce ta tsaya a gaskiyarta. Dauda ya ɗaga wayar, suka sake hawa. Ya mayar, suka sauko. Wani tsoho cikin dattawan ya ce a sake, bai gani da kyau ba. Aka sake.

Ma'aji mutumin kirki ne, abin da ya gani da ido ya faɗa tun farko. Ya zagaya bayan motar inda Baba ke tsaye, ya cire hula, ya miƙa masa makulli da hannu biyu. Baba bai karɓa ba.

"Na yafe, tun kafin ka tambaya," ya ce. "Amma ba zan sake zama a gaban allurar nan ba. Yau katako ne, gobe tsatsa ce. Na tsufa da komawa bakin ƙofa." Ya juyo wajenmu. "In za ku iya sa mata abin da ba ya mannewa, ku kira ni."

Fasto ya ce za a sanar da janye horon a gaban jama'a. Baba ya ce a bari sai ranar da ya karɓi makulli, a yi abu ɗaya.

To ga aiki. Sabon regileta babu shi a Kafanchan, an aika Jos da Kaduna babu. Ko da an samu, irin tsohon ne, mai harshe. Wanda ya fitar da mu Malam Sani ne mai gyaran rediyo, maƙwabcin rumfar Bitrus. Ya zo gidan bayan la'asar, ya tsaya daga zaure ya yi sallama, na fito masa da gwangwanin a faranti. Ya juya shi ya ce, "Wannan ai aikin tiransisto ne ake sa ƙarfe yana yi da gumi." Ya kwance wata matacciyar rediyo ya ciro tiransisto mai ƙafa uku, da wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa wanda ya ce shi ke tsayar da wuta a goma. Ya zana mini yadda za a haɗa su. Ni na cire harshen na liƙa su a cikin tsohon gwangwanin, don ya zauna a mazauninsa.

A kan tebur ya yi aiki lafiya. Da muka sa a mota, Bitrus na murɗa makulli sai wani siririn hayaƙi ya fito, da wari kamar an ƙona gashi. Malam Sani ya leƙa wajen batir ya tafa hannu. "Bitrus, ai motarku bahaguwa ce!" Tsofaffin motocin Ingila da yawa haka suke, kan batirin da sauran motoci ke ba waya, su shi suke ɗaurewa a jikin ƙarfe. Harshen ƙarfe bai damu da ta ina wuta ta shigo ba, zafi zafi ne. Tiransisto kuwa in ka shigo masa ta baya, ya mutu nan take. Bitrus ya san motar haka take, Malam Sani ya san halin tiransisto, ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa. Ku duba wannan kafin ku liƙa naku.

Sai da Malam Sani ya nemo wata rediyon mai irin tiransiston da ke karɓar wuta a juye. Na sake liƙawa. Tiransisto na yin zafi, saboda haka na manna bayansa da guntun murfin tukunyar alminiyom ya riƙa shanye zafin. Wannan karon Bitrus ya ja masa waya ta musamman har jikin ƙarfe, ya ja ta da ƙarfi kamar yadda ya saba, ba ta cire ba. Katakon Dauda kuwa muka bar shi inda yake.

Sabon ba ya ƙara. Ƙwan gwaji ma ba ya ƙiftawa, haske ne ɗan daidai, tsayayye. Na daɗe ban saba da shirun ba. Saboda haka ba mu yarda da shi haka kawai ba, galan-galan muka riƙa zuba mai muna duba allura, inji a kashe, inji na gudu, fitilu a kunne. Inda ta tsaya, nan take tsayawa. Muka aika aka kira Baba. Ya zauna a kujerarsa, ya taka mai, ya saki, idonsa na kan allurar. Ya kai mu har hanyar Kagoro ya dawo ta cikin ramuka. Da ya tsaya ya zare makullin ya sa a aljihun da gyaɗa take. Amma har ya bar tuƙi, akwai wata sanda da ya fere ya yi mata tsaga-tsaga, tana bayan kujerarsa, kuma kowace safiya sai ya tsoma ta a tanki kafin ya dubi agogo.

Ranar Lahadi fasto ya yi sanarwa. Ma'aji da Dauda suka taka har bakin ƙofa, suka kamo hannun Baba, ɗaya dama ɗaya hagu, suka rako shi gaba. Matan zumunta suka ɗauki waƙa, waɗanda ruwa ya daka a hanyar Kwoi su suka fi ɗaga murya. Bencin baya ya zauna ba kowa.

Muna hanyar gida Ladi na riƙe da zanena, bakinta duk gyaɗa. Sai da muka zo daidai mangwaron gidanmu ta ja ni.

"Mama, tun da ba Baba ne ya yi ƙarya ba, allura ce, to ran Lahadi ita za a zaunar a bencin baya?"